Kunne Ba Alƙali Ba Ne: Lacca Kan Tambayoyin Nahawun Turanci a Jarrabawar Shiga Makarantun Kasuwanci



 

An ce in yi magana a kan yadda mutum zai shirya wa tambayoyin nahawun Turanci a jarrabawar neman gurbi a makarantun koyon kasuwanci, wato masu ba da digirin MBA da danginsa. Na ga wasu sun yi murmushi da aka sanar cewa da Hausa za a yi laccar. Da gangan ne. Yawancin kurakuranmu na Turanci suna da asali a harshen da muka sha a nono, da kuma irin Turancin da muke ji a ofis da rediyo. Wanda bai san inda kuskurensa ya samo tushe ba, zai gyara shi yau, gobe ya maimaita. Sai dai ku yi haƙuri, misalai dole su zo da Turanci, tunda shi ne abin jarrabawar.

Maganata guda ce, sauran duk rassanta ne: a ɗakin wannan jarrabawa, kunne ba alƙali ba ne. "Wannan amsar ta fi daɗin ji" ita ce hujjar da na fi jin tana kayar da mutanenmu. Zan bi maganar ne a matakai bakwai.

Na ɗaya: wace jarrabawa za ka zauna?

Kada wani ya raina wannan tambaya. Akwai wanda ke zaune a nan, na tabbata, da littafi mai kauri a jakarsa, yana fama da wani babi da aka riga aka cire daga jarrabawar da yake shirin zama.

Babbar jarrabawar da aka fi sani ita ce GMAT. Asalinta daga Amurka ne. A 1953 wasu makarantun kasuwanci guda tara, cikinsu har da Harvard da Columbia da Chicago, suka haɗu don su samar da ma'auni ɗaya na tantance masu neman shiga, aka fara zama a 1954. Sunan GMAT ya zo ne a 1976, kuma hukumar da ke kula da ita ana kiranta GMAC. A 1997 aka mayar da ita kan kwamfuta, ta yadda in ka amsa daidai sai tambayar gaba ta ƙara tsauri, in ka kuskure sai ta sassauta. Shekara da shekaru, ɓangaren Turanci na wannan jarrabawa yana ɗauke da tambayoyin gyaran jimla, waɗanda littattafai ke kira Sentence Correction. A tsarinta na ƙarshe kafin a canza, ɓangaren Turancin tambaya 36 ne a minti 65, kuma gyaran jimla ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku.

To, a watan Nuwamba na 2023 aka fito da sabon tsari, tsohon kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. Sabuwar GMAT ɓangare uku ce, kowanne minti 45, tambaya 64 gaba ɗaya, maki daga 205 zuwa 805. Ɓangaren Turancinta tambaya 23 ne, fahimtar rubutu da auna hujja kaɗai. Gyaran jimla ya fita, rubutun insha'i ma ya fita.

Na ga wani a can baya ya fara tattara takardunsa. Dakata, malam, ba a gama ba. Wannan hukumar tana da wata jarrabawar mai suna Executive Assessment, wadda ta fito a 2016 domin ma'aikatan da suka daɗe a bakin aiki suke neman MBA na manyan jami'ai. Tambaya 40 ce a minti 90, 14 daga ciki na Turanci ne a minti 30, kuma gyaran jimla yana nan daram a cikinta. INSEAD da Columbia da London Business School suna cikin waɗanda suka fara karɓarta. Akwai kuma NMAT, wadda aka fara a Indiya, GMAC ta karɓe ta a 2015, kuma Lagos Business School tana cikin makarantun da ke amfani da ita a nan gida. Ɓangaren harshe na NMAT tambaya 36 ne a minti 28, da gano kuskure a jimla, da cike gurbi, da zaɓen ƙananan kalmomin nan irin su in da on da at. Ku yi lissafi: daƙiƙa 47 ke nan ga kowace tambaya. Ko wanda zai zauna sabuwar GMAT bai tsira ba, domin a 2024 hukumar ta ƙaro wata gajeriyar jarrabawar rubutu ta minti 30, kuma Harvard ta buƙace ta daga masu sabuwar GMAT da ta gayyata zuwa ganawa.

Saboda haka aikin farko, kafin a sayi littafi ko a biya mai darasi, shi ne a buɗe shafin makarantar da ake so, a ga wace jarrabawa take karɓa a shekarar. Kuɗin rajistar GMAT ya haura dala 250. Da canjin yau, wannan ba kuɗin da za a yi caca da shi ba ne.

Na biyu: yadda tambayar take, da dalilin da ya sa kunne ke yaudara

Za a ba ka jimla ɗaya, sau da yawa doguwa, an ja layi a ƙarƙashin wani yanki nata ko dukanta. A ƙasa akwai zaɓi biyar. Na farko maimaicin abin da ke cikin jimlar ne ba canji, sauran huɗun kowanne ya sake fasalin yankin. Aikinka ka zaɓi wanda ya fi inganci a nahawu, ya fi fitar da ma'ana, bai kuma yi surutu ba.

Waɗanda ke rubuta tambayoyin nan sun san aikinsu. Amsar daidai sukan bar ta da ɗan nauyi a baki, ta kuskure kuma su goge ta ta yi santsi. Ko Ba'amurken da aka haifa da harshen, kunnensa kan kai shi rami. Balle mu, da kunnenmu ya horu da Turanci iri uku a cakuɗe: na Ingila da aka koya mana a aji, na Najeriya da muke yi a ofis, da na finafinai.

Me zai maye gurbin kunne? Abin da muke da shi tun kaka da kakanni. Su wa suka yi karatun zaure a nan, su ɗaga hannu? Madalla. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ajurumiyya, ɗan ƙaramin littafin nan na Ibn Ajurrum, malamin Fas da ya rasu a 1323, ko ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik, ya san abin da ake kira i'irabi. Malam ba ya tambayarka ko jimla ta yi daɗi. Cewa yake: ina fi'ili? Ina fa'ilinsa? Wannan lamirin ina ya koma? Wannan sifar wa take siffantawa? Waɗannan tambayoyi huɗu, ba ƙari ba ragi, su ne makamin gyaran jimla. Wanda bai yi zaure ba amma ya yi nahawun Hausa a sakandare, ya san su da sunan aikatau da aikau da wakilin suna da sifa. Abin takaici shi ne mun ajiye wannan horo a aljihu ɗaya, Turanci a wani aljihun, ba mu taɓa haɗa su ba.

Na uku: jituwar aikau da aikatau, da batun lamiri

A Hausa aikatau ba ya canza kama don mai aikin ɗaya ne ko da yawa. Muna cewa "ya sayar", "sun sayar". Ɗan ƙaramin lamirin da ke gaba shi ke ɗauke da nauyin, kuma ba mai iya tsallake shi. A Turanci nauyin yana kan harafi ɗaya tak a ƙeyar aikatau, ko a bambancin has da have. Abu mai sauƙin ɓacewa.

Dabarar masu jarrabawa ita ce su nesanta mai aikin da aikinsa, su cusa kalmomi a tsakani. Ku saurari wannan: "The price of grains in the northern markets have risen." Kunne ya ji markets daf da have, sai ya ce lafiya lau. Amma me ya tashi? Kasuwannin ne? A'a, farashi ne, kuma shi kaɗai ne. Saboda haka has ake so. In ka mayar da ita Hausa ba za ka taɓa cewa "farashin hatsi a kasuwannin arewa sun tashi" ba, sai dai "ya tashi". Kun ga bakinku ya riga ya san dokar.

Daga nan sai 'yan ƙa'idojin da ake haddacewa. Each da every tilo suke ɗauka, ko da jam'i ya biyo baya: "each of the traders has". "The number of" tilo ne, "a number of" jam'i ne. In aka haɗa suna biyu da or ko nor, aikatau yana bin wanda ya fi kusa da shi. Sunan taro kuma, irin kwamiti da kamfani da gwamnati, Turancin Ingila yakan yarda a ce "the committee have", amma jarrabawar nan ma'aunin rubutun Amurka take bi, tilo take so. Kamfani it ne, ba they ba.

Lamiri yana da tarko biyu. Na farko mun san shi a Hausa: "Musa ya gaya wa Audu cewa shagonsa ya ƙone." Shagon wa? A hira, fuskar Musa za ta gaya maka. A takarda babu fuska, don haka zaɓin da ya fayyace mai shagon ya fi wanda ya bar mu cikin duhu. Tarko na biyu namu ne na kanmu. Hausa tana cewa "mutumin da na yi magana da shi", kuma in ka cire "shi" jimlar ta gurgunce. Sai mu kwashi wannan "shi" mu kai Turanci: "the man that I spoke with him". A can kuwa baƙo ne da ba a gayyata ba, sai an fitar da shi.

Na huɗu: bayani a mazauninsa, da kwatance

Nan zan daɗe, domin nan ne ake raba masu matsakaicin maki da masu babban maki, kuma nan ne ake gane cewa tambayar nahawu tambayar ma'ana ce.

Ga jimla: "Walking into the market, the prices shocked Binta." Wa ya ga laifinta? Kusan babu. Kowa ya gane Binta ce ta shiga kasuwa. To amma ba haka jimlar ta ce ba. Abin da ta ce shi ne farashi ne ya tako da ƙafarsa ya shiga kasuwa. Dalili kuwa: mu a Hausa za mu ce "tana shiga kasuwa, sai farashi ya firgita ta". Kalmar "tana" ta riga ta shaida mana cewa mace ce, ita kaɗai, tun kafin a ambaci sunanta. Walking ba ta ɗauke da wannan shaida ko kaɗan. Ba ta nuna namiji ko mace, ɗaya ko goma. Shi ya sa Turanci ya kafa doka don toshe gurbin: duk sunan da ya zo nan take bayan waƙafi, shi ne mai aikin. Gyaran ke nan: "Walking into the market, Binta was shocked by the prices."

Kada ku ɗauka wasan yara ne. Ku dubi irin wadda ake rubutawa a ofis kullum: "After reviewing the accounts, the error was found." Kuskure ne ya duba asusun? Wa ya duba? Ba a faɗa ba. A rahoton binciken kuɗi, wannan tambaya ta "wa ya duba" ita ce za ta kai mutum kotu ko ta fisshe shi. Makarantar kasuwanci manajoji take yayewa, masu sa hannu a kwangila, kuma tana son wanda idonsa ke tsayawa a irin wannan gurbi. Duk lokacin da kuka ga jimla ta buɗe da yanki mai ɗauke da kalmar da ta ƙare da -ing ko -ed sannan waƙafi, ku tsallaka kai tsaye ku duba kalmar farko bayan waƙafin a duk zaɓin biyar. Sau da yawa uku za su faɗi nan take.

Haka batun only, wato "kawai". "Musa kawai ya sayi buhu biyu" daban, "Musa ya sayi buhu biyu kawai" daban. Ta farko ta hana kowa saye sai Musa, ta biyu ta taƙaita buhunan. A magana Turawa kan jefa only ko'ina a gane su, a jarrabawa kuwa tana zama ne jikin abin da take taƙaitawa. Which ma haka, tana komawa ne ga sunan da ya gabace ta, ba ga dukan abin da aka faɗa ba. "Sales fell in March, which worried the board" jimla ce da za a ji a kowane taro, amma mai jarrabawa zai tambaye ka: watan Maris ne ya tayar wa hukumar da hankali?

Sai kwatance, kuma a nan Bahaushe yana da riba in ya lura. "Prices in Kano are lower than Lagos." An kwatanta farashi da gari, abin da ba ya yiwuwa. Yaya muke faɗa? "Farashin Kano ya fi na Legas sauƙi." Wannan 'yar kalma "na" ita ce dukan darasin. Ita ce ke tsaye a madadin farashi na biyu. Takwararta a Turanci ita ce that of in tilo ne, those of ko those in in jam'i ne: "lower than those in Lagos". Duk inda kuka ga than, ko like, ko unlike, ko "as much as", ku tsaya ku tambayi kanku: me da me ake aunawa? In gefe ɗaya riba ce, ɗaya gefen ma riba ce, ba kamfani ba. "Unlike Kano, the population of Katsina" kuskure ne tun ba a kai ƙarshen jimlar ba, domin an ɗora gari a kan sikeli ɗaya da yawan jama'a.

Na biyar: lokaci

"Ya tafi." Kalma biyu, amma Turanci ya raba su gida uku: "he went", "he has gone", "he had gone". Mu abin da ya dame mu shi ne ko aikin ya kammala ko yana gudana. Su kuma suna ƙara tambaya: ya kammala dangane da yaushe? In an ambaci lokacin da ya riga ya rufe, kamar jiya ko 2019, went ake so, kuma "has gone yesterday" kuskure ne. In abu ya faro a baya yana nan har yanzu, has ake so. Muna cewa "tun jiya yake nan", sai mu juya ta zuwa "he is here since yesterday", alhali "he has been here" ce daidai. Had kuwa aikinta ɗaya: in abu biyu sun faru a baya, ita ke nuna wanda ya riga. Mutanenmu suna yayyafa ta a rubutu don tana kama da Turancin manya. In babu wani abu na biyu da aka riga, a bar ta.

Akwai wani fasali da ke ba mutane mamaki: "The board recommended that the manager be removed." Da yawa za su ce an manta da should, ko kuma is ya kamata. Babu abin da aka manta. Bayan kalmomin umarni da shawara irin su recommend da demand da require, in that ta biyo, aikatau yana zuwa tsirara, ba ƙari a ƙeyarsa: "that he go", ba "that he goes" ba. Wannan ma muna da shi. Ku faɗi "ya tafi jiya", sannan ku faɗi "na ce ya tafi yanzu". A rubuce iri ɗaya ne, amma kun ji yadda "ya" ta farko ta ja da tsawo a sama, ta biyu ta gajarce ta sauko. Ta farko labari ce, ta biyu buƙata ce. Duk inda Hausa za ta yi amfani da ta biyun bayan umarni, ku sa ran ganin wannan aikatau tsirara.

Na shida: jeri, da Turancinmu na gida

Jeri ba zai ɗauke mu lokaci ba. Abubuwan da aka jera da and ko or, ko aka rataya a "not only" da "but also", dole su zo da siga ɗaya. "Yana son noma da kiwo da ya yi kasuwanci" kun ji ta yi tuntuɓe a ƙarshe. Haka "to cut costs, hiring staff, and to open a branch". Ku nemo and, ku duba abin da ke damanta, ku tabbatar na hagunta irinsa ne.

Wanda ya fi wuya shi ne abin da ba shi da doka, sai sabo. Ina so a fahimce ni, ban zo zagin Turancin Najeriya ba. Harshe ne mai zaman kansa, har ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominsa 29 a Janairun 2020, ciki har da okada da danfo da Kannywood. Amma mai jarrabawa ba da shi yake awo ba. "Discuss about", "comprise of", "request for" a matsayin aikatau, "cope up with", ƙarin about da of da for da up duk cire shi ake yi. Information da equipment da advice da furniture ba sa ɗaukar jam'i, ko da ka ga "equipments" a allon wata ma'aikata. "I am having two shops" ba a faɗa, sai "I have". Fewer ta abin da ake ƙirgawa ce, less ta abin da ake aunawa. Regard tana tafiya da as, consider kuwa ita kaɗai take tafiya. Waɗannan su ne mafiya haɗari, domin kunnenka zai rantse maka daidai ne, tunda shugabanka a ofis haka yake rubutawa.

Na bakwai: yadda za a yi shirin, da yadda za a yi a ranar

A gaban kwamfuta, ga tsarin da nake ba da shawara. Karanta jimlar duka sau ɗaya, ka fahimci me ake son faɗa. Sannan ka yi mata irin shiƙar da mata ke yi wa hatsi: duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu, duk yankin da ya fara da of ko in ko which, bar iska ta kwashe shi na ɗan lokaci, tsabar da ta rage ita ce mai aiki da aikinsa. Bayan haka kada ka karanta zaɓin biyar ɗaya bayan ɗaya kamar labari, lokaci ba zai isa ba. Dube su daga sama zuwa ƙasa, ka nemi inda suka saɓa. Za ka tarar uku sun ce has, biyu sun ce have. Yanke hukunci a kan wannan, ka zubar da rukuni guda. Nemi saɓani na gaba. Wanda ya rage, mayar da shi cikin jimlar ka karanta daga farko har ƙarshe, domin wani lokaci yankin da ba a ja wa layi ba shi ke riƙe da amsar. Kuma kada ka ji kunyar zaɓen na farko. Wani lokaci jimlar lafiyarta ƙalau, mu ne muke ganin tunda an tambaya dole akwai cuta.

In zaɓi biyu duk sun tsira a nahawu, duba ma'ana, wanne ya riƙe abin da ake nufi bai karkatar ba. In nan ma sun yi kunnen doki, sannan ne gajere ya fi. Na ce sannan ne. Wasu sun ji an ce jarrabawar tana son taƙaitawa, sai suka mayar da ita dokar farko, suna zaɓen mafi gajarta ido rufe. Ita ce ta ƙarshe.

Game da kayan karatu, tambayoyin hukumar kanta sun fi na kowa, domin an gwada su a kan dubban masu zama kafin a saki. Tsofaffin bugun GMAT Official Guide, na kafin canjin 2023, cike suke da gyaran jimla tare da bayanin kowace amsa. Ga mai zaman sabuwar GMAT wannan babin ya zama tarihi, amma ga mai Executive Assessment ko NMAT taska ce, kuma yanzu an fi samunsu da araha a hannun waɗanda suka gama. Tambayoyin da ake turawa a WhatsApp ba a san marubucinsu ba, ku yi hattara da su. Wasu amsarsu ma kuskure ce.

Yawan tambaya ba shi ne shiri ba. Wanda ya amsa 20 ya zauna ya binciki dalilin faɗuwar kowane zaɓi na kuskure, ya fi wanda ya amsa 200 yana duba maki kawai. Ku sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk tambayar da ta kayar da ku, ko kuka ci da sa'a, ku rubuta irin kuskuren da abin da ya ja ku gare shi. Bayan mako biyu ko uku za ku ga abu biyu ko uku ne ke ta dawowa, kuma su ne naku. Na wani lokaci ne, na wata kwatance. A makonnin farko ku ajiye agogo, ku yi i'irabi a tsanake, har da rubuta wa kowane aikatau mai aikinsa. Sai hannu ya faɗa sannan a kawo agogo, a matsa har tambaya ta koma minti ɗaya da rabi ko ƙasa, mai NMAT kuma ƙasa da haka sosai. Wata biyu zuwa uku na awa ɗaya kullum, bayan asuba kafin hayaniya ta tashi, ya fi kwana goma na rashin barci.

Shi kunnen ma ana iya sake horar da shi, sai dai a hankali. Ku riƙa karanta rubutun da edita ya tace, irin na The Economist ko Financial Times ko The New York Times, sakin layi biyu ko uku a rana. Ku ɗauki jimla mafi tsawo a ciki ku warware ta. Wannan aikin zai amfani har mai sabuwar GMAT, domin wanda bai iya gano mai aiki a jimla mai kalma 50 ba, ba zai iya auna hujjar da ke cikinta ba. Wanda kuma zai zauna a gida ta intanet maimakon cibiya, ya tanadi wuta da layi mai ƙarfi tun da wuri, ya gwada kwamfutarsa kafin ranar. Ba sai na yi muku bayanin dalili ba.

Mai girma shugaba, na ga an miƙo mini takarda, kuma na san abin da ke cikinta.  Akwai allo a nan, akwai alli. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ya zo da wata jimla da ta hana shi barci ya kawo ta mu warware tare. A fara da ɓangaren mata, in shugaba ya yarda.